Yadda ake yawon ƙafa a dajin da kai da dawakai kuke bin hanya ɗaya, misalin gandun Rockefeller na jihar New York

Jama'armu na Bronx da Harlem da kewaye, wannan bayanin naku ne musamman, amma duk wanda zai shiga irin wannan dajin a ko'ina cikin Amurka zai amfana. Akwai gandun daji na gwamnatin jiha da ake kira Rockefeller State Park Preserve a yankin Westchester, kamar mil 30 arewa da birnin New York, tsakanin garuruwan Sleepy Hollow da Pleasantville. Filin asalinsa na zuri'ar Rockefeller ne, attajiran man fetur ɗin nan, tun 1983 suka fara miƙa shi ga jiha kaɗan kaɗan. Hanyoyin cikinsa kuwa John D. Rockefeller da ɗansa ne suka sa aka shimfiɗa su don keken doki, shi ya sa za ka gan su da faɗi, an zuba musu ƙananan tsakuwa an daddaɓe, hawansu ba mai tsini ba ne, kuma idan aka haɗa su sun haura mil 40. Har yau dawakai na bin su, masu ƙafa ma na bi, masu gudun motsa jiki kuwa ba a magana. Keke kuwa an hana shi kwata-kwata, kar ma ka wahalar da kanka ka ɗauko.

Fara da zaɓen rana da lokaci. Wurin da rana ake shigarsa, rana na faɗuwa an tashi, kuma a nan ne mutanenmu ke rikicewa domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 8:30 na dare amma a Disamba 4:30 na yamma ta riga ta tafi, to wanda ya saba fita bayan la'asar a lokacin zafi idan ya yi haka cikin hunturu duhu zai same shi a tsakiyar bishiyoyi. Asabar da Lahadi wurin ajiye motoci na cika da wuri, ballantana a watan Oktoba da ganye ke rikiɗa ja da rawaya kowa ya fito da kyamara. Ni dai a ganina ka yi asuba, ka karya, ka kama hanya, kafin azahar ka gama ka huta.

Zuwa can ba wuya. Mai mota ya nufi babbar ƙofa da ke kan hanya mai lamba 117, akwai 'yan dalolin da ake biya na fakin, wanda ke da katin shekara na Empire Pass kuma ya wuce abinsa. Marar mota ya hau jirgin ƙasa na Metro-North, layin Hudson, daga Grand Central ko tashar titi na 125 a Harlem, ya sauka a Tarrytown ya ɗauki tasi, tafiyar ba ta da nisa. Wanda tashar Fordham da ke Bronx ta fi masa kusa ya bi layin Harlem ya sauka a Pleasantville. Ka duba lokacin jirgin dawowa tun kana gida, kuma ka san yadda za ka kira motar da za ta fito da kai, kar ka gama gajiya sannan ka fara lalube.

Sai maganar kaya. Takalmi rufaffe mai gindin roba, kambas ɗinka na yau da kullum ma ya wadatar tunda hanyar ba duwatsu ba ce, amma silifas da takalmin zuwa biki a bar su a gida, tsakuwa za ta shige maka ƙasan ƙafa kuma akwai kashin doki a hanya. Dogon wando, doguwar safa, kaya masu haske don idan kaska ta hau ka gan ta. Ruwa aƙalla lita ɗaya kowane mutum, ka ƙara wata gora idan da ita za ka yi alwala. Dabino ko gyaɗa a aljihu, ledar da za ka zuba shararka, waya cike da caji. Babbar riga da zulumbun jallabiya ba nan ne wurinsu ba, kuma 'yar uwa mai dogon hijabi ki samu wanda ba ya cika iska ko ki sa jaket a kai ki kame shi, dalilin zai zo a gaba. Lema ma idan ba dole ba a bar ta, rigar ruwa ta fi.

Kana isa kar ka zarce daji kai tsaye. Ka tsaya a ofishin baƙi da ke gefen fakin, ka zaga banɗaki a nan don cikin dajin ba za ka yi ta cin karo da shi ba, ka ɗauki taswira ta takarda, ko ka ɗauki hoton babbar da ke jikin allo. Na san kowa zai ce ai ina da waya, to waya za ta nuna maka inda kake amma hanyoyin nan sun sarƙe da juna, wannan ta shiga waccan ta fito ta wani wajen, kuma duk kamarsu ɗaya, tsakuwa ce da bishiyoyi hagu da dama. Sunan hanya shi ne abin riƙewa. Duk mararrabar da ka zo ka tsaya ka karanta ɗan allon da ke wurin, ka nemo sunan a taswira, ka sa yatsa a kai, sannan ka wuce. Minti ɗaya ne amma shi ke hana yawon awa guda na banza. Akwai kuma wuraren da za ka ga alamar cewa filin na masu shi ne ba na gwamnati ba, domin ba duka ƙasar aka bayar ba, ka ga irin wannan ka juya.

Wanda bai taɓa zuwa ba ya fara da Brother's Path, ita ce ta kewaye tafkin Swan Lake, mil ɗaya da ɗan ɗori, shimfiɗaɗɗiya ce har tsofaffi da masu tura keken jarirai suna yi. Idan ƙafa ta ɗumama kana son ƙari sai ka koma wajen ofis ka kama Old Sleepy Hollow Road Trail ta gangara da kai zuwa kogin Pocantico, ka bi gefen ruwan, daga nan ko dai ka hau Eagle Hill ka hango nesa ko ka shiga 13 Bridges, wadda ke tsallaka wani ɗan rafi a kan ƙananan gadoji har 13 kamar yadda sunan ya nuna, yara na son ƙirga su. Akwai kuma ɓangaren Rockwood Hall can bakin kogin Hudson, inda gidan William Rockefeller, ƙanen John D. Rockefeller, yake a da, an rushe shi saura tushen ginin da filin ciyawa mai kallon ruwa, amma wannan ka ware masa ranarsa daban, yana da nasa wurin fakin. Lissafin lokaci kuwa, mutum mai lafiya yana cin mil ɗaya a minti 20 zuwa 25, da yara ka ninka. Ka yanke tun farko cewa ƙarfe kaza zan juya ko na kai inda nake so ko ban kai ba.

To yanzu ga ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan, wato yadda za ka yi idan ka haɗu da doki.

Dokar a taƙaice ita ce mai ƙafa ne ke ba doki hanya. A gandayen da aka yarda da keke za ka ga wata alama mai kusurwa uku, mai keke ya kauce wa kowa, mai ƙafa ya kauce wa doki, doki kuwa ba ya kauce wa kowa. Ba don mahayin ya fi ka daraja ba ne ko don yana da kuɗi, a'a, dabba ce mai nauyin kilo 450 zuwa 500 wadda Allah ya halitta da tsoro, abin da ta sani shi ne idan ta ga abin da ba ta gane ba ta zabura tukuna daga baya a yi bincike. Kuma kar ka auna su da dawakan hawan sallah na gida da suka saba da kalangu da algaita da ƙarar harbin 'yan bindiga, jama'a na shafa su ta ko'ina ko a jikinsu. Waɗannan sun saba da shiru, leda ɗaya iska ta ɗaga ta isa ta sa wani ya yi tutsu, kuma mahayin na iya zama yarinya 'yar koyo ko dattijuwa da ta fito kilisa, idan ya zubar da ita a kan tsakuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Abu na farko da ka hango doki ko ka ji ƙarar kofato, ka rage tafiya, idan gudu kake ka koma taku. Na biyu, kuma shi ne wanda mutanenmu suka fi sakaci da shi, ka yi magana. Ka ɗaga murya daidai misali ka gaida mahayin tun yana nesa, barka da safiya da Turanci, yau garin da daɗi, ko me ya zo bakinka, ko da Hausa ka yi ba komai domin ba kalmomin ake bukata ba, muryar ce. Doki ya san muryar ɗan adam, amma mutum da ƙatuwar jaka a baya da hula da sanduna biyu a hannu, ko mace cikin hijabin da iska ke kaɗawa, a idonsa wata halitta ce daban har sai ta yi magana. Mu kuma wani lokacin kunya ko ladabi ke sa mu raɓe gefe mu yi tsit, har wani ya koma bayan bishiya wai don kar ya takura musu, to wannan shi ne mafi muni, domin abin da ke laɓewa a bayan bishiya ya yi shiru yana kallo shi ne ainihin abin da doki ke tsoro. Ka tsaya a fili inda zai gan ka gaba ɗayanka.

Na uku, ka koma gefe, kuma idan hanyar a jikin tudu take ka zaɓi ɓangaren gangare, wato ƙasa da dokin, ba sama da shi ba. Abin da ke sama da kansa ya fi ba shi tsoro, sannan idan ya zabura galibi sama yake nufa, ka ga ba ka kan hanyarsa. Amma fa kar ka je ka faɗa rami ko cikin ciyawa mai tsawo don cika wannan ƙa'ida, taku biyu uku ya isa, a hanyoyin Rockefeller ma da faɗinsu sau da yawa tsayawa a bakin hanya kawai ya wadatar. Idan kuna da yawa kowa ya koma gefe ɗaya, kar ku rabu biyu ku sa dokin a tsakiya. Yara a riƙe hannunsu, a gaya musu tun a mota cewa ba ihu ba tsalle ba nuni da sanda. Mai lema ya sauke ta tun dokin na nesa, ba sai ya iso ba sannan ka rufe ta fat a gabansa. Hijabi ko gyale a dafe shi da hannu. Sanduna a sauke su ƙasa a daina kaɗawa.

Na huɗu, ka saurari mahayin. Shi ya san dabbarsa, wani zai ce ka ci gaba da tafiyarka ba komai, wani zai ce don Allah ɗan tsaya a nan, wata za ta ce ka ci gaba da yi masa magana har mu wuce. Duk abin da suka ce ka yi, ba raini ba ne. Kai ma kana iya karanta dokin da kanka, idan kunnuwansa na gaba ko suna ɗan jujjuyawa lafiya lau yake, idan ya ɗaga kai sama ya ƙame yana hura hanci to ya tsorata, idan kuma ya kwantar da kunnuwa baya sun manne da wuya ransa a ɓace yake, ka ƙara ja baya. Ka ga jan ƙyalle ɗaure a wutsiya, alama ce mai shi ke ba ka cewa wannan yana harbi.

Sai idan ya wuce ka da 'yar tazara sannan ka koma kan hanya, kar ka faɗo bayansa nan take. Doki na gani kusan ko'ina a kewayensa amma ban da daidai bayan wutsiyarsa da daidai gaban goshinsa, kuma bayan nan ne inda ƙafarsa ke kaiwa.

Wannan ya kawo mu ga yanayin da ya fi haɗari, wato kai ne ka taho ta bayansu, suna tafiya a hankali kai kana sauri ko kana gudu. Kar ka kuskura ka zo shiru ka gifta. Tun da sauran nisa ka yi magana, ka ce ina bayanku, zan iya wucewa? Ka jira mahayin ya waiwayo ya ba ka izini ya nuna maka ɓangaren da za ka bi, ka wuce da taku ba da gudu ba, ka ba shi fili iya yadda hanya ta bari, sai ka yi nisa sannan ka ci gaba da gudunka. Masu toshe kunne biyu da abin jin waƙa ko karatu kuwa, don Allah a cire ɗaya, doki na iya tahowa ta bayanka mahayin na ta magana ba ka ji, sai ka juya firgigit ku tsorata juna.

A kan gada ko inda hanya ta bi ta ƙarƙashin titi, ka bar su su fara wucewa, ka tsaya daga waje inda suke ganinka. Wani lokacin kuma keken doki za ka gani da dawakai biyu a gaba, wannan ya cinye hanya kuma ba ya tsayawa nan take, ka ba shi wuri sosai. A kwana mai duhun bishiya ka riƙe hannun damanka.

Kar ka miƙa wa doki abinci, ko dabino ko tuffa, kar ka kai hannu ka shafa sai ka tambaya. Hoto ma a tambaya, yawancinsu ba sa ƙi, wasu har tsayawa suke yara su gaisa da dokin, amma a kashe fitilar kyamara. Mu ba mu cika yawo da kare ba, amma idan kun fito da maƙwabci mai shi, doka ce ya kasance a ɗaure da igiya koyaushe, doki na zuwa a taƙaita igiyar a sa shi ya zauna.

Idan tsautsayi ya gitta mahayi ya faɗo, kar ka bi dokin da gudu, ƙara korarsa za ka yi. Ka je wajen mutumin, kar ka ɗaga shi ko ka cire masa hular kwano idan yana kukan wuya ko baya, ka kira 911, ka faɗi sunan hanyar da kuke da mararrabar ƙarshe da ka wuce, ka ga amfanin karanta allunan nan ke nan.

Sallah idan ta same ka a ciki, ka nemi wuri buɗaɗɗe mai gajeriyar ciyawa ko kusa da benci, ɗan nesa da bakin hanya, inda mai tahowa zai hango ka tun daga nesa, ba bayan kwana ba. Mutum ya sunkuya ya miƙe ya faɗi ƙasa ya sake miƙewa a gefen hanya, dokin da bai taɓa gani ba zai iya ƙin wucewa. Idan ku biyu ne ko fiye, gara wani ya tsaya ya yi wa mahaya magana har a idar sannan shi ma ya yi. Kaɗe darduma kuma a duba hagu da dama tukuna. Mafi sauƙi dai a yi ta kusa da fakin kafin a shiga ko bayan an fito.

Kashin doki za ka gan shi a hanya, ka kewaye kawai, ciyawa ce. A wasu filayen za ka ga shanu ko tumaki na kiwo a cikin shingen siririyar waya, wayar nan da wutar lantarki a jikinta, a ja wa yara kunne. Kar ka bar hanya ka kutsa cikin daji, ban da ɓata akwai wani tsiro mai ganye uku uku a reshe ɗaya da suke kira poison ivy, yana bin ƙasa yana hawa bishiya, ka taɓa shi ƙaiƙayi da ƙuraje na sati biyu sun same ka.

Amma abin da ya fi wannan shi ne kaska. Yankin nan na arewa maso gabashin Amurka cike yake da irin wadda ke sa cutar Lyme, kuma ba irin ƙatuwar kaskar shanu da muka sani ba ce, babbarta ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, ƙananan da suka fi yawa daga Mayu zuwa Yuli kuwa sun fi haka ƙanƙanta, cizonta ba zafi. Kafin ka shiga ka cusa ƙafar wando cikin safa, eh ba kyan gani amma wa ya damu, ka fesa maganin ƙwari mai DEET a fata, akwai kuma permethrin da ake fesa wa kaya da takalmi kawai ban da jiki. Ka bi tsakiyar hanya, ka guji goga jiki da doguwar ciyawa, kuma duk lokacin da ka kauce wa doki ka shiga gefe ka duba ƙafafun wandonka bayan ya wuce.

Kana komawa gida ka jefa kayan cikin na'urar busar da kaya da zafi sosai na minti 10, zafin ne ke kashe ta ba wanki ba, ka yi wanka cikin awa biyu, ka duba jikinka da madubi, bayan gwiwa, hammata, matse-matsi, cibiya, bayan kunne, cikin gashi, yara kuma uwa ko uba ya duba su da kansa. Ka same ta a maƙale, ka sa matsefata mai siririn baki ka kama ta daf da fata ka ja sama a hankali ba murɗawa, ka wanke wurin da sabulu, ban da ƙona ta da ashana ko shafa mata man shafawa. Galibi sai ta kwana ɗaya ko fiye a jiki take sa cutar, shi ya sa dubawar ranar take da muhimmanci. Ka rubuta ranar a waya. Idan cikin wata guda ka ga wani tabo yana faɗaɗa a wurin, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ka je asibiti ka gaya wa likita kai tsaye cewa ka shiga daji a Westchester ranar kaza, kuma ka tuna a baƙar fata tabon ba lallai ya fito ja ba, yana iya zama duhu duhu kamar wurin da aka buge, don haka kar ka zauna jiran sai ka ga irin hoton da ke intanet.